Cokulan Anti Ardelia

Ranar Talata, shida ga Disamba, 1983, da hantsi, Allah ya karɓi ran Anti Ardelia Tolbert a gidanta da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, nan Verlie. Shekarunta tamanin da takwas. Jirgin kaya na ƙarfe goma ya wuce, ta ce wa jikarta Willadean ya makara da minti shida, ta gyara kwanciya, shi ke nan.

Fasto ya ce in rubuta wani abu a takardar majami'a. Na ce masa ni a aji huɗu na tsaya, can ɗin ma malamar ce ta gaji da ni ta tura ni gaba. Ya ce ba iliminka nake nema ba, Cleophus, kai ka buga ƙusoshin. To, wannan gaskiya ne. Don haka, Anti, ki yi haƙuri da rubutuna kamar yadda kika yi haƙuri da bakina shekara sittin.

A bakinki muka ji tarihin garin nan, tunda babu wanda ya rubuta shi. Kin ce da farko babu komai sai tankin ruwa inda jirgi ke tsayawa ya sha. Sai wani ya buɗe kanti, wani ya kafa injin yankan katako, wani na gurzar auduga. Injiniyan da ya shimfiɗa dogon ya sa wa wurin sunan 'yarsa, wadda ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, kuma kullum kina cewa da ta zo ta gani da ta nemi a mayar mata da sunanta. Sa'ad da kike budurwa mutanen Verlie sun kusa dubu biyu, har da otel da masu aski uku. Sai ƙwaro ya cinye audugar, itatuwan suka ƙare, jirgin da ya haifi garin ya koma yana kwashe 'ya'yansa zuwa arewa, wasu Chicago, wasu Detroit.

Ranar da aka rufe otel ɗin tasha, inda kika daɗe kina girki, aka tara cokula cikin ganga za a zubar. Kika ce a bar miki. Mutane suka ce Ardelia ta zautu, mace mai baki ɗaya da cokali ɗari uku.

A wancan zamani baƙar fata ba ya shiga taragon cin abinci, sai dai ya tafi da guzurinsa cikin kwalin takalmi. Duk wanda zai bar Verlie, ko ya yi miki sallama ko ya yi niyyar sulalewa, sai ya tarar da ke a bakin dogo da kwali: soyayyar kaza, burodin masara, kwalbar wake, da cokali. Ki kama hannunsa ki ce, "Kazar kyauta ce. Cokalin aro ne. Da hannunka za ka dawo min da shi, ban yarda da gidan waya ba."

Kowane cokali da ƙusarsa a bango, sunan mai shi a ƙasa da fensir. Ni da na yi shekara talatin ina buga manyan ƙusoshin dogo, sai kika naɗa ni mai buga ƙananan, ladana wainar dankali. Bangon kicin ya cika, muka shiga falo. Da cokulan ganga suka ƙare, kika riƙa sayo wasu. Wanda ya zo hutu ya rataya cokalinsa, ranar komawa ki sake miƙa masa. Wanda ya rasu a can, cokalin ya biyo gawarsa gida, ki wanke ki rataya, ba a ƙara taɓa shi. Ina tuna Lucius Pettway, da ya dawo daga Chicago cikin motar da ta fi titinmu faɗi. Ya ɓatar da naki, ya sayo na azurfa. Kika juya shi a hannu kika ce, "Wannan na wata ne, je ka kai mata." Da hannu ya ci wake ranar, cikin kwat ɗinsa, muna kallo. Sai da ya suɗe yatsu kika ba shi sabo.

Shekarar ƙidaya, wani jami'i ya zo da takardunsa. Kika ba shi kujera kika ce, "Ɗana, mu nawa ka samu?" Ya ce ɗari uku da tamanin da shida. Kika ce, "Gidaje ka ƙirga." Kika ja shi kicin da falo, kika sa shi ya ƙirga ƙusoshin da babu cokali a kansu. Ɗari shida da arba'in da ɗaya. Ya ce ai waɗannan ba a nan suke zaune ba. Kika ce, "Mutumin da ke riƙe da cokalina bai ƙaura ba, unguwa ya je." Gwamnati ta buga nata adadin a allon bakin gari, mu kuma muka riƙe naki.

A cikin ƙusoshin nan akwai ɗaya da ba na iya kallo, kuma ni na buga ta. Ta 'yata ce, Ozella. A watan Agusta na 1968 ta tafi Detroit koyon aikin jinya. Rabin gari ya zo rakiya. Ni kuwa, da na ga jama'a, sai bakin nan nawa ya motsa. Na ce, "Yarinyar da ko ƙwai ba ta iya dafawa ba ce za ta yi jinyar mutane? Ku bar mata abinci a wuta, kafin Kirsimeti za ta dawo." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta karɓi kwalinki ta hau, ba ta waiwayo ba. Shekara goma sha biyar ke nan ba ta tako garin nan ba. Ta gama karatu, ta yi aure, ta haihu. Tana rubuto wa uwarta Vergie, a ƙarshen wasiƙa ta ce a gaida kare. Karen ya mutu, ta koma cewa a gaida maƙwabta.

A watan Oktoban da ya wuce kika aiko in zo. Na tarar da kwalin takalmi a kan tebur. Kika ce, "Cleophus, ka tsufa amma ka ƙi girma. Ga kaza, ga cokali. Je ka Detroit ka buɗe bakinka a kan abin kirki sau ɗaya." Jirgin fasinja ya daina tsayawa nan tun 1971, sai na tafi bakin babbar hanya inda bas ke ɗaukar mutane. Bas ta zo. Na dube ta, ta dube ni, ta tafi. Na zauna a gindin bishiya na cinye kazar duka, na biyo ta bayan gari na dawo. Kina zaune a baranda.

"Ya Detroit?"

"Akwai sanyi, Anti."

"Akwai maiƙo a gemunka."

Na miƙa miki cokalin. Kika ce, "Riƙe abinka. Wanda bai tafi ba ba ya dawowa."

Da kika rasu, Willadean ta bi sunayen bango ɗaya bayan ɗaya tana buga waya. Ta bar guda. Ta ce wasiyyarki ce, wannan ni zan kira. Na shiga ofishin majami'a da rana tsaka, na tanadi barkwanci uku. Da na ji muryarta duk suka gudu suka bar ni. Na ce, "Ozella, babanki ne. Anti Ardelia ta rasu. Kuma abin da na faɗa a tasha, ban kyauta ba. Tsoron tafiyarki nake ji, sai na mai da shi wasa." Sai ta ce, "Na ji." Ta ajiye waya. Kwana goma ina juya kalmomin nan biyu, ban san ko ƙofa ce ko bango ba.

Ranar Asabar, sha bakwai ga wata, muka kai ki. Anti, da kin ga Verlie! Motoci masu lambar arewa tun daga majami'a har mahaɗar dogo. Bayan an dawo daga maƙabarta aka jera abinci a zauren majami'a, kuma Willadean ba ta fito da cokali ko ɗaya ba. Fasto ya yi addu'a, sai kawai ka ji ƙarar ƙarfe ko'ina: wannan daga aljihun kwat, waccan daga jaka, Lucius daga cikin safa don kada ya sake ɓata. Aka fashe da dariya, wasu na share hawaye da bayan hannu.

Ni ina zaune da nawa, wake na hucewa, idona a ƙofa. Sai wata mata mai ɗan furfura a gefen kai ta ja kujerar da ke kusa da ni, yara biyu a bayanta. Ta ajiye cokali a tebur. Ashe tun a maƙabarta tana tsaye a baya. Nan take wani wasa ya taso min har maƙogwaro, mai kyau kuwa. Na danne shi. Karo na farko a rayuwata na rufe bakina da kaina. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Ka ce kafin Kirsimeti, Baba. Ga shi saura kwana takwas. Matsa min waken."

Washegari ta ce in ɗauko guduma. Ƙusa biyu, ɗaya ta ɗanta Terrence, ɗaya ta ƙaramar, wadda sunanta Ardelia. Shekara talatin a dogo ban taɓa kuskure ba, ranar na daki babban yatsana. Ozella, ma'aikaciyar jinya, ta ɗaure min, ta ce ba zan mutu ba, sai dai in rage ihu. Sun koma da cokali uku. Nawa ma ban rataya ba, don da bikin Ista zan hau bas ɗin nan, kuma Vergie ta ce ita za ta riƙe kazar har sai mun wuce iyakar jiha.

Ban iya lissafi ba, Anti, amma mun rasa ɗaya mun samu biyu. Ko ɗan aji huɗu ya san gari ya ƙaru.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ya yafe miki kurakuranki, ya zaunar da ke a teburin da ba a hana kowa zama. Ya saka miki da alherin kowane kwali da kika ɗaure. Ina miƙa ta'aziyya ga Willadean, wadda yanzu bangon ya zama nata, da dukan zuriyar Tolbert, da jama'ar majami'armu, da mutanen Verlie na gida da waɗanda suka je unguwa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya dawo da kowa lafiya da cokalinsa a hannu. Amin.

Cleophus Rainey, mai buga ƙusa