Inda Bara'u Zai Sa Hannunsa

Shekara huɗu Bara'u Sunusi ya yi a Manchester yana tonon rigimar da ba tasa ba. Tarihi ya zo karantawa, sai malamin da ke duba aikinsa ya cusa masa labarin Luther da Zwingli, malaman Kirista biyu da suka ɓalle daga cocin Roma, suka zauna a shekarar 1529 don su haɗa kai. Batu goma sha biyar aka jera, suka yarda da sha huɗu. Na ƙarshen, wato ko jikin Almasihu na cikin gurasar ibadarsu ko kuwa tunawa ce kawai, shi ya raba su har kabari.

Abokansa a unguwar Ardwick suna tsokanarsa da Fada Bara'u, kamar wani limamin coci. Shi kuwa bai taɓa yi wa malaman nan biyu dariya ba, don ya san irinsu a gida. Mahaifinsa, Malam Sunusi, sakin hannu yake yi a sallah. Ƙanin mahaifin, Dokta Sha'aban na Birmingham, kama hannu yake yi a ƙirji. Shekara ashirin ke nan ɗaya bai bi ɗaya sallah ba. Abin ya ishi Bara'u, wallahi, amma yana son su duka, sai ya samo dabara: in ya je Zariya wurin mahaifinsa ya saki, in ya je Lozells, unguwar Dokta, ya kama. Kowannensu na tinƙahon yaron nasa ne.

Da bikin kammala karatu ya zo, Malam Sunusi ya sauka a gidan ƙanin nasa. La'asar ta yi, aka shimfiɗa darduma a falo, dattawan nan suka tsaya kowa na gyaran hula.

"Yaya, bismillah," in ji Dokta, da muryar da ba ta kai zuci ba.

"Mai gida ke da limanci."

"To, let's be fair. Ga sabon dokta nan. Bara'u, wuce gaba."

"Baffa, ni fa..."

"Wuce mana," in ji mahaifinsa.

Bara'u ya wuce gaba. Ko bai waiwaya ba ya san idanu huɗu na kan gwiwar hannunsa, kuma duk inda ya kai hannun nan, yau zai rasa uba ɗaya. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya ja ta iya numfashinsa. Kabbara ta ƙare, hannuwan suna nan daidai kunnensa.