Malamin da Ke Jiran Amsar Sittana

A wata makarantar sakandare a Omdurman, wadda yaƙi ya yaye wa rufi, ina leƙawa ta taga sai ga wani dattijo tsaye cikin farar jallabiya, alli a hannu. Ya rubuta rassan gwamnati uku a allo: majalisa, zartarwa, shari'a. Babu kowa a ajin.

"Sittana," in ji shi, "wa ke taka wa shugaba birki idan ya wuce gona da iri?"

Yana kallon kujera ta uku, yana gyaɗa kai a hankali. Wataƙila ya shekara talatin yana wannan tambayar. Can ya juyo wajena, ko mamaki bai yi ba.

"Ka makara, ɗana. Shigo, amma kujerar nan da mai ita."