Wayoyi a Cikin Daro

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku, a motar abokin aikina wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje. Aikinmu na sa-kai ne: muna koya wa mutane kare sirrinsu a waya, muna saka musu manhajoji na kyauta, irin waɗanda kowa ke iya duba yadda aka gina su. Mun bi ta Jahun, muka wuce Auyo, shinkafa shar hagu da dama. A Haɗeja muka karya da soyayyar tarwaɗa mai arha, har na ji haushin abin da nake biya a Kano.

Daga Guri mota ta gaza, sai babur, sannan kwale-kwale. Kacalla, doguwar ciyawar nan, ta cinye hanyar ruwa, mai tuƙi yana turawa yana tsine mata. Sunan ƙauyen kuwa ba za ku ji shi a bakina ba.

Garin babu wuta. Ran kasuwa ake tara wayoyi a daro guda, a tsallaka da su wurin mai caji. Duk a buɗe suke, domin shi ke amsa kira, ya kuma tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi. Da na ce wa matan garin yana iya sauraron saƙonninsu, dariya suka yi. Wai ai ɗan gida ne.

Bayan azahar wata dattijuwa mai bandar kifi ta ja ni bayan rumfa. Ta kwance bakin zani, ta fito da waya a mace.

"'Yar nan, tun farkon damina ban kai ta caji ba."

Ɗanta yana asibitin ƙwaƙwalwa a birni, ita kuwa ta ce wa gari yana Legas neman kuɗi. Ƙaninta ke turo mata muryarsa. Tsoronta kada mai caji ya ji, don haka ta haƙura da jin muryar ɗanta.

Na jona mata a batirina, na ce bari mu kulle wayar. Kullewa da yatsa ta ƙi, wuta da ƙayar kifi sun goge zanen hannunta. Lamba kuma ba ta karantawa. Muka koma zanen da ake ja a fuskar waya, ta ja shi sau biyu ta riƙe. Ina murna, sai ta ce in cire.

"Waya ɗaya a kulle cikin daro? Ai na yi shela ke nan cewa ina da abin ɓoyewa."

Shekarata nawa ina wannan aiki, ban taɓa tunanin haka ba. Na cire, muka koma cikin mata, raina a jagule.

Muna shirin naɗe tabarma wata tsohuwa mai faɗa, wadda tun safe take kushe mana, ta miƙo tata wayar. "Kulle min. Ku ma ku kawo, kowa da kowa. Mai caji ba mijinmu ba ne." Nan layi ya tashi, har da masu wayar da hasken tocila kawai ke aiki. Mai bandar kifi ta shiga tsakiya kamar kowa.

Tsohuwar ce ta raka ni bakin ruwa. Na yi mata godiya, ta harare ni.

"Malama, mun daɗe da sanin inda yaron yake. Ba ma so ta san mun sani ne."

Mun iso Kano da dare, ƙafa duk taɓo, da ƙullin busasshen kifi da aka hana ni biya. Na tafi da tunanin sirri abu ne da mutum ke kullewa shi kaɗai, na dawo na san sai da maƙwabta yake tsaruwa. Washegarin kasuwa wayata ta yi ƙara. Muryar dattijuwa mai bandar kifi ce: "'Yar nan, yarona ya ce yana cin abinci."