Ƙaramin Injin Muhammadu Sani

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin dam ɗin Watari ya san Dabo, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, mai ɗan doro, kunnensa na hagu ba ya ji sosai saboda daɗewar da ya yi yana zama kusa da inji. Ba ɗan masunta ba ne. Mahaifinsa manomi ne a wani ƙauye da ke yamma da ruwan. Da ya rasu aka raba gonarsa tsakanin 'ya'ya tara, abin da ya zo hannun Dabo kuwa, in ka tsaya a kunyar farko ka jefa hoge, a gonar maƙwabci zai faɗi. Sai ya bar wa ƙaninsa Muhammadu Sani kasonsa, ya bi motar kifi zuwa Baga yana da shekara ashirin da biyu.

Shekara goma sha shida ya yi a bakin Tafkin Chadi. Can ya koyi iyo, ya koyi su, ya koyi tuƙin jirgi mai inji, can kuma ya auri Rahmatu. Shekarar da rikici ya kori mutane daga bakin tafkin ya dawo gida da matarsa da 'ya'ya uku da inji guda naɗe cikin bargo. Ba su fito da komai ba sai wannan. Babban inji ne, irin wanda masu jirgi ke kira arba'in saboda ƙarfin doki arba'in gare shi, sai ƙarti biyu suke ɗaga shi.

Ya sa aka haɗa masa jirgin katako a bakin Watari, ya ɗaura injin. Ranar kasuwa yakan ƙetarar da masu noman rani da kwandunan tumatir da buhunan albasa, kuma ba jirgin da ke shan gabansa. Sauran ranaku sai ya yi wani irin su da mutanen wurin ba su saba gani ba. Yakan datse mariƙin cokali, ya goge kan har ya yi ƙyalli, ya liƙa masa ƙugiya, ya saki doguwar igiya a bayan jirgi yana ja a hankali. Manyan kifaye su ɗauka ƙaramin kifi ne ke gudu, su kai cafka. Da farko dariya aka yi ta yi masa, ana cewa Dabo na ba kifi abinci da cokali. Ranar da ya sauke giwan ruwa mai tsawon zira'i uku a gaɓa, kowa ya kama bakinsa.

Matsalar ita ce irin wannan su yana son tafiyar tsoho mai sanda, arba'in kuwa don gudu aka ƙera shi. In aka danne shi yana tafiya a hankali tun safe har azahar, sai ya riƙa tari, yana hayaƙi, fulogoginsa su yi baƙi ƙirin, wani lokaci ya mutu a tsakiyar ruwa. Shi ya sa aljihun Dabo ba ya rabuwa da sifana da guntun samfefa. Ya kwance fulogi, ya kankare, ya hura, ya mayar, ya ja igiya, inji ya tashi.

Muhammadu Sani ne abokin aikinsa. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, gajere, mai yawan raha. In ya gama ban ruwan albasarsa sai ya shiga jirgin yayansa, shi ne riƙon igiya, shi ne kwarfar ruwa. Iyonsa bai wuce na bakin gaɓa ba. Da fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, shi ya fara kawo maganar.

"Yaya, injin nan yana shanye mana wahalarmu," ya ce wata rana suna wanke jirgi. "Na yi magana da Sha'aban mai gyaran injin ban ruwa. Ya ce akwai ƙananan injuna, ɗan mitsitsi haka, mutum ɗaya ke saɓa shi a kafaɗa. A ɗaura shi gefen babban. In za mu ja cokali mu kashe arba'in ya huta, ƙaramin ya yi ta tafiya da mu yini guda da ɗan man da bai taka kara ya karya ba. In kuma ɗaya ya ƙi, ga ɗaya."

"A ina za a ɗaura shi?"

"A katakon baya mana. Huda huɗu ce kawai."

"Katakon da ke ɗauke da arba'in za ka huda? Ka ƙara masa nauyi, bayan jirgi ya ƙara nutsewa? Sha'aban ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa?"

Maganar Dabo ba ta rasa gaskiya ba, amma ba ita ce duka ba. Rahmatu ta san sauran. Ranar da suka gudu, injin nan ne ya ɗauke su su goma sha tara a jirgi guda, ana harbi a bayansu, bai yi ko tari ba har suka kai wani tsibiri. Tun daga ranar Dabo ba ya son a faɗi aibinsa. Da ta ce masa, "Malam, ka dai duba maganar Sani," sai ya ce injin da ya fitar da su daga wuta ba ya bukatar ɗan rakiya.

Da aka cire albasa, Muhammadu Sani ya sayar da tasa, ya shiga Kano bai gaya wa kowa ba, ya dawo da yamma a bayan babur rungume da ƙaramin inji na hannu. Ya sauke a ƙofar gida yana washe baki, yara suka kewaye shi. Dabo ya fito, ya dube shi, ya dubi injin.

"Da shawarar wa?"

"Yaya, ai namu ne. Mu gwada kwana ɗaya kawai, in bai yi ba..."

"Ka ɗaura a naka jirgin."

Muhammadu Sani ba shi da jirgi, kowa a wurin ya sani. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya saɓi injin ya kai ɗakinsa, ya jingine a bayan ƙofa. Matarsa Sauda ta rufe shi da tsohon zane saboda yara. Washegari ya fito aiki kamar ba a yi komai ba, kuma bai sake tayar da zancen ba. Dabo ya so ya sauko. Ya ce a ransa bari a ɗan kwana biyu, kada a ce ƙani ya tanƙwara shi a gaban jama'a. Kwana biyun nan suka zama mako bakwai.

Ranar wata Alhamis a farkon damina suka fita tun da hantsi. Suna ta jan cokali a hankali ta wajen zurfi, inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke a tsaye a ƙasa. Bayan azahar Muhammadu Sani ya nuna gabas da haɓa.

"Yaya, hadarin can da iska yake tafe."

"Na gani. Zagaye ɗaya mu tafi. Arba'in ne fa, kafin ya iso mun kai gaɓa."

A wannan zagayen igiya ta miƙe ƙam. Kifi ne babba, irin wanda ba a samu sau biyu a shekara. Suka shiga fama da shi, a ja ya ja, a saki a sake ja, injin kuma na ta ɓaɓatu shi kaɗai a mafi ƙanƙantar wuta. Suna cikin haka ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Da suka ɗaga kai, gaɓar gabas ta ɓace cikin hadari.

Dabo ya yanke igiyar kifin da wuƙa, ya ja ta inji. Shiru. Ya sake ja, ya sake, har kafaɗarsa ta yi ƙara. Ya cire murfin ya kwance fulogi, iska ta riga ta iso, ruwa na dukan fuska kamar tsakuwa. Yana kankarewa jirgi ya yi tsalle, fulogin ya suɓuce daga jiƙaƙƙen hannunsa ya faɗa dam. Muhammadu Sani ya ɗauki filafili yana ƙoƙarin juya kan jirgin ya fuskanci iska, amma jirgi mai wannan girma, da arba'in rataye a bayansa, ya fi ƙarfin filafili ɗaya. Suka juya gefe. Taguwar ruwa ta farko ta cika su zuwa ƙauri, ta biyu ta maka su a kan kututture, jirgin ya kife.

Dabo ya taso ya hangi ƙaninsa yana dukan ruwa. Ya kamo wata jarkar mai da ba komai a ciki ya tura masa. "Rungume! Kada ka saki!" Ya damƙi wuyan rigarsa da hannu ɗaya yana iyo da ɗaya. Sun daɗe a haka. Yana jin Muhammadu Sani yana salati, yana tari, ya kuma ji ya ce, "Yaya, hannuna ya mutu." Sai wata taguwa ta rufe su. Da Dabo ya sake fitowa, rigar ce kawai a hannunsa. Ya yi nutso sau nawa yana neman ƙaninsa, shi ma bai sani ba. Wasu masunta ne suka tsamo shi bayan iska ta lafa, yana maƙale da bayan jirgin, ya ƙi sakin rigar.

Sai washegari da hantsi aka ga gawar a cikin ciyawar bakin ruwa. Aka yi masa sutura kafin sallar Juma'a. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, wanda nasa bai ƙare ba ga shi zaune. Dabo yana amsawa da amin, idonsa a ƙasa. Inna, mahaifiyarsu, ba ta ce masa komai ba sai, "Ka ci abinci." Sha'aban ya matso kusa da kunnensa mai ji ya ce, "Wallahi irin iskar nan, ko da ƙaramin yana jiki ba lalle ya fitar da ku ba."

"Ba fitar da mu nake so ya yi ba," in ji Dabo. "Kan jirgi kawai zai juya mana."

An jawo jirgin, an wanke arba'in, ya tashi. Dabo bai koma ruwa ba duk daminar. Ya ɗauki fartanya ya shiga gonar marigayin, hannun da ya manta noma ya yi ta ɓamɓarewa, geron ya fito dai yadda Allah ya so. Ranar da Sauda ta fita takaba, ta sa aka turo ƙaramin injin a baro har ƙofar ɗakin Dabo, ta biyo baya ta durƙusa daga nesa.

"Yaya, ga wannan. Ba na iya kwana ɗaki ɗaya da shi."

"A sayar, marayu su amfana. Haƙƙinsu ne."

"An yi magana da liman, ya ce in kana aiki da shi kana ciyar da su, ya halatta. Don jirginka ya saya." Ta miƙe, sannan ta ƙara da cewa, "Kullum da safe sai ya ɗaga zanen ya goge shi."

Baki goma sha ɗaya ne yanzu a wuyansa, gonar kuwa ba za ta riƙe su wata uku ba. Da kaka ta yi ya kira kafinta ya ƙara wa katakon baya kauri, Sha'aban ya yi huda huɗu ya ɗaura. Ranar farko Dabo ya fita shi kaɗai. Ya kai zurfi da arba'in, ya kashe, ya ja igiyar ƙaramin, ya tashi a ja ɗaya. Ya yi ta tafiya da shi a hankali har la'asar, ba tari, ba hayaƙi, man da ya zuba da safe bai ƙare ba. Bayan jirgin bai nutse ko da faɗin yatsa biyu ba. Ya dawo da kifi shida, ya zube wa Rahmatu a tsakar gida, ya shige ɗaki. Ta ce ba ta taɓa jin namiji yana irin wannan kuka ba, ko ranar jana'iza bai yi shi ba.

Sauda ta koma gidan iyayenta a Kunci da ƙananan yaran biyu, manyan suka zauna wurin Dabo. Ya daina ɗaukar fasinja ranar kasuwa, masu tumatir suka koma wasu jiragen. Mutum uku sun nemi su riƙa bin sa kamun kifi, duk ya ce a'a.

Duk ƙarshen wata yakan ɗaure bandar kifi a kwali ya hau motar Kunci. Mahaifin Sauda yakan shimfiɗa masa tabarma a zaure, su gaisa, a turo yaran ya shafa kansu. Sauda takan fito ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi kwalin, ta yi godiya. A zuwansa na bara ne tsohon ya gaya masa, ba da nufin komai ba, cewa ita tana dafa wa yara ne kawai, ba ta sa kifi a bakinta. Dabo ya juyo da kunnensa na dama ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya gyaɗa kai, ya ɗan ƙara zama, sannan ya ce bari ya tashi kada motar ƙarshe ta wuce shi. A wata na gaba ya zo da kwalin kamar kullum, da ƙullin shinkafar Watari a gefe.