Kafaɗar Rubak Haruo

Ranar Asabar ce, ana yayyafi a Ngaraard, ranar da kafaɗar Rubak Haruo ta ƙi shi.

Tun muna yara aikinsa ɗaya ne. Da ya dawo daga kamun kifi, sai ya jingine mashinsa na sukar kifi, ya kaɗa mu bakin teku da gorunan besbol. Ba fili yake kai mu ba. Cikin ruwa yake tsayar da mu har ƙugu, ya cika aljihu da buuch, goron da muke taunawa, yana jefo mana ɗaya ɗaya muna dukansa da gora.

"A ruwa hannu ba ya ƙarya," in ji shi. "In ƙugu bai juya ba, gora ba ta tafiya. Wanda ya daki buuch kuwa, ƙwallo kwakwa zai gan ta."

Matarsa Dirrengas takan leƙo daga gonar gwaza. "Tsoho, goron nawa kake ciyar da kifi?"

"Kerai ne ke ciyar da su. Kai Kerai, sauro kake kora? Buɗe ido!"

Kerai ɗin nan, mai runtse ido in an jefo, shi ya doka ƙwallon da ta tsallake katanga a Koror, duk garinmu na kallo. Yau yana aikin gini a Guam. Ni ma da na bar makaranta, ruwan nan ne kaɗai wurin da na taɓa tsayawa cak.

Ran Asabar ɗin yara huɗu suka zo. Rubak ya ɗaga hannu ya jefa, buuch ya faɗi a gabansa. Ya sake, haka. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Kaka, mu matso?"

Rubak ya juyo gare mu, mu samari da muka fake a rumfar jirage, ya buɗe tafinsa cike da goro.

"Wa zai karɓa?"

Kowa ya dubi ƙafarsa. Mai jiran takardar soja, mai jiran jirgin Guam. Ya mayar da goron aljihu, ya ce wa yaran su fito kada sanyi ya kama su.

Rubak, kai ne ka koya mana jiran ƙwallo har ta iso, ga shi ba wanda ya iya jira a garin. Ba ka taɓa karɓar ko kifi ɗaya a hannun iyayenmu ba. Mun gode, masunci mai kama yara.

Yana nan da ransa, kullum a bakin ruwa, idonsa garau. Baki zai iya gyara tsayuwar yaro, hannu kawai yake nema. Duk mai kafaɗa a Ngaraard, ya je ya ara masa.

Abin da muka rasa dai ga shi: kafaɗa ɗaya, ƙungiya ɗaya da ba ta fita gasar bana ba, da biyu cikin yaran nan huɗu, waɗanda suka daina zuwa.