Idon Rusau

Babanmu bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, aikinsa sauke wanda wasu suka ɗora. Tun yana soja yake tuƙa katafila mai sulke. Da ya ajiye kaki sai ya koma ta hukumar gari, wadda ake turawa ta rushe duk bangon da aka shafa wa jan fenti. A unguwa Rusau ake ce masa, mu kuma 'ya'yan Rusau. Ni dai na saba. Yayana kuwa sunan ya tsaya masa a maƙogwaro, da ya girma ya ɗauke ƙafa daga gida.

Baba yana da wata ɗabi'a. Kafin ya hau katafila sai ya zagaya ginin a ƙasa, hannu a baya, yana neman inda ƙarfinsa yake. In ka taɓa nan, in ji shi, sauran biyowa suke.

Da Yaya ya gama gina gidansa, ni uwar karambani na matsa masa lamba har ya gayyaci Baba, ko a shirya. Baba ya sa aka goge masa rigar da ya fi ji da ita. Muka tarar da matar Yaya da iyayenta. Yaya yana ta nuna tagogi da tayil, sai na ga hannun Baba ya koma baya.

Surukin Yaya ya tambaye shi yaya ya ga gidan. Baba ya dafa ginshiƙin baranda, ya ce, "Daga nan zan fara."

Sai a lokacin Baba ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma tasa ta fi tawa. Ko ruwan da aka kawo bai sha ba.

Yaya bai riƙe shi a zuci ba, shi da kansa yake zuwa ɗauko shi yanzu. Sai dai Baba ba ya wuce bakin ƙofa. Nan yake jan kujera ya juya ta tana kallon titi, jikokinsa sai sun zagayo ta gabansa. Rannan Yaya ya ce, "Baba, shigo ciki mana, gidanka ne."

"Bar ni a nan," in ji Baba. "Ban yarda da idon nan ba."