Mai Gadin Sabbin Kwatas

Ina jiran mota a bakin titin Makarfi, idona na kan mai gadin sabbin kwatas ɗin manyan ma'aikata, waɗanda aka kewaye da katanga. Dogo ne siriri, sanye da tsohon kaki da takalmin soja da ya yi masa yawa. Ba ya kallon fuskar mutum, hannu yake kallo. A wannan mulkin soja da komai ya yi tsada, ban sani ba ko ɓarayi aka ajiye shi ya tsare, ko kuwa hirarmu yake kwashewa yana kai wa na ciki.

Katangar ta datse tsohuwar hanyar rijiya. Ga wata tsohuwa ta iso da tulu, ta tsaya a ƙofar.

"Yunana, ashe kai ne? Buɗe mini in ratsa, ƙafar nan ba za ta iya zagaye ba."

"Inna, sai da izini," ya ce, yana waigen gidajen.

"Izinin wa? Ni fa na goya ka."

Ya karɓi tulun ya leƙa ciki, ya mayar mata. Ta juya tana ɗingishi.

Wataƙila iyali gare shi, aiki kuma ya yi wuya. Wataƙila kuma hanawar ce ta fara yi masa daɗi. Ina cikin wannan tunani sai kukun wani gida ya fito, ya kulle ƙofar ta ciki, ya tafi da mabuɗin. Yunana ya koma kan bencinsa a waje, tare da mu.